Yadda Ake Gina Lifta Mai Hawa Uku a Wasan Space Engineers

Duk wanda ya kwana biyu yana buga Space Engineers a kan doron wata duniya mai ƙarfin jan ƙasa ya san yadda iskar haidurojin ta injin goyo, wato injin tashi sama da ɗan wasa yake goye da shi a baya, take ƙarewa tun mutum bai isa inda za shi ba. A sararin samaniya kwalba ɗaya takan daɗe, amma da zarar ka sauko duniyar da ta yi kama da tamu, ko Pertam wadda janta ya ɗara na tamu, sai ka ga ma'aunin yana zubewa kamar ruwa a kwando. Ni da ƙanina mun kafa sansaninmu a gindin wani dutse mai kama da Kufena, ma'adinai a ƙasa, matatar ƙarfe a tsakiya, filin saukar jirage a can bisa, kuma rabin lokacin da muke samu da daddare a ɗakinmu na Samaru hawa da sauka ne suke cinye shi. Wannan ne ya tilasta mana koyon gina lifta, kuma abin da na rubuta a nan shi ne hanyar da ta tsaya mana bayan wasu hanyoyin sun rushe.

A yawancin wasannin da labarinsu ya shafi zamani mai zuwa, lifta aikin masu tsara wasan ce, ɗan wasa shiga kawai yake yi. A Mass Effect na farko, wanda kamfanin BioWare ya fitar a 2007, an tsawaita tafiyar liftocin tashar Citadel da gangan domin na'ura ta samu damar loda wurin da za a shiga, aka cike lokacin da hirar abokan tafiya da labaran rediyo. A Halo 2 na 2004 kuwa, lifta ce ta tashi daga birnin Sabuwar Mombasa a Kenya har sararin samaniya, sai dai ba kai ka ɗora mata ko ƙusa ɗaya ba. Space Engineers, wanda kamfanin Keen Software House na birnin Prag ya fara sakin sa a 2013 ya kuma kammala shi a 2019, ya bi wata hanya dabam: kai za ka haɗa liftar da hannunka daga fistin (sandar ƙarfe mai miƙewa da naɗewa) da bulo da maɓalli, kuma lissafin nauyi da gogayya na wasan ba ya yi wa kowa alfarma. Rubutun da ke cikin wasan da Turanci yake, saboda haka inda ya zama dole zan kawo sunan abu kamar yadda za ka gan shi a allo.

Awon da komai ya rataya a kansa

Wasan yana da manyan bulo da ƙanana, kuma babban bulo ɗaya faɗinsa mita 2.5 ne ta kowane gefe, shi kuwa babban fistin yana miƙewa mita 10 cif. Wato miƙewar fistin ɗaya daidai take da bulo huɗu. Idan ka sa tsayin kowane hawa ya zama bulo huɗu, ɗaya na daɓe uku na sararin ɗaki, to kowane fistin ya zama hawa guda: duka a naɗe, lifta tana ƙasa, ɗaya a miƙe, tana hawa na ɗaya, biyu a miƙe, tana hawa na biyu. Ba ka bukatar tsayar da fistin a tsakiyar tafiyarsa, ba ka bukatar rubuta wata manhaja, kuma ba za ka riƙa canza iyaka kullum ba. Kuskuren da na fi gani wurin sababbin 'yan wasa shi ne su gama gininsu tsaf, wannan hawa bulo uku wancan bulo biyar, sannan su zo suna neman yadda lifta za ta bi son ransu. Gini ne ya kamata ya bi fistin, domin bulo yana da sauƙin matsarwa, tsawon fistin kuwa ba ya canzawa.

Irin wannan lifta tana da 'yar'uwa a duniyar gaske. Liftocin dogayen benaye da igiyar ƙarfe ake jan su, da wani nauyi a ɗaya gefen yana daidaita su, kamar guga biyu a kan kwarkwaro ɗaya. Amma a gajerun gine-gine akan yi amfani da fistin mai aiki da matsin mai, wanda yake turo ɗakin liftar daga ƙasa, irin dai hannun da tifa take ɗaga bodinta da shi idan za ta juye yashi a wurin gini a Hanwa ko Palladan. Ka tuna yadda direban tifa yake ɗaga kayansa a hankali, da yadda hannun yake ɗan rawa idan ya miƙe har ƙarshe, domin halin fistin na wasan ke nan.

Kafin ka ɗora komai

Kada ka fara a duniyar da kuke fafutukar rayuwa a cikinta. Ka buɗe sabuwar duniya a yanayin gini kyauta, inda bulo yake fitowa a kammale ba tare da walda ba, ka zaɓi wuri mai ƙarfin jan ƙasa daidai da na sansaninku, domin liftar da ta yi lafiya a kan watan cikin wasan, inda jan yake kashi ɗaya bisa huɗu na namu, tana iya yin gardama a duniya mai cikakken nauyi. Sannan ka tabbata ginin da za ka ɗora fistin a kansa tasha ce kafaffiya, wato gindinsa ya nutse cikin ƙasa ko dutse. Idan wasan yana ɗaukar ginin a matsayin jirgi, duk turin da fistin ya yi sama zai mayar wa ginin da irinsa ƙasa, ka wayi gari sansani ya karkace.

Wuta kuma dole ce, amma fistin ba shi da ci. Batir ɗaya da injin iska ko faifan sola biyu sun wadatar. Idan wuta ta yanke a cikin wasan fistin yakan tsaya inda yake, ba ya sakin kayansa. Yankewar wutar da ta fi cutarwa ita ce ta ɗakinka, don haka ka saba da danna Shift tare da F5 domin ajiye aikinka kafin kowane gwaji, musamman idan batirin kwamfutarka ya tsufa kamar nawa.

Rijiya da jerin fistin

Ka zaɓi inda liftar za ta tsaya, ka ware fili bulo 3 sau 3, ka haƙa rami a ƙarƙashin daɓen hawan ƙasa. Dalilin ramin shi ne, ko a naɗe fistin yana da tsawon jikinsa, kuma biyu a kan juna suna bukatar wurin ɓuya idan ana son dandamali ya sauko daidai da daɓe. Ka haƙa fiye da abin da kake zato, ka share duk wani ɓurɓushin dutse da ya leƙo cikin ramin, domin ɗan tsinin da ido bai kula da shi ba ya isa ya riƙe dandamali. A ƙasan ramin ka shimfiɗa bulon sulke wanda yake haɗe da sauran ginin, saboda ta wannan haɗin ne wuta da umarni za su iso ga fistin.

Danna G, ka nemo Piston, ka ɗora shi a tsakiyar shimfiɗar yana kallon sama. Zai fito da kansa a bisa, wato faifan da ake ɗora kaya. A kan wannan faifan ka ɗora fistin na biyu, shi ma yana kallon sama. Daga nan akwai abin da ya kamata ka fahimta sosai: duk abin da ke bisa kan fistin, wasan yana lissafa shi a matsayin jiki na dabam, mai nauyinsa da motsinsa, wanda gaɓa kawai ta haɗa shi da gininka. Liftar fistin biyu jiki uku ce ke nan, ginin, da fistin na biyu, da dandamali. Wuta tana ratsa gaɓar, umarni yana ratsawa, har bututun jigilar kaya yana ratsawa, amma ta fuskar karo da gogayya baƙin juna ne, kuma idan suka goga kafaɗa za su yi wa juna ɓarna.

Wanda ma'adinansa ke can ƙarƙashin ƙasa yana iya juya tsarin, ya rataye fistin daga rufi suna kallon ƙasa, dandamali ya zama kamar guga a rijiya. Lissafin bai canza ba, sai dai miƙewa ta zama sauka, kuma maimakon rami a ƙasa sai a gina ɗan ɗaki a sama.

Dandamali

A nan ne liftarmu ta farko ta mutu. Na gina katangun rijiyar tukuna, na cika tsakiya da bulon sulke mai nauyi guda tara, gefensu yana manne da katanga ta ko'ina, na jera fistin uku na ba kowanne cikakken gudu. Da na danna maɓalli sai tartsatsi ya fara tashi daga kusurwoyi, dandamalin ya yi rawa sau biyu ko uku, sannan komai ya tarwatse. Ƙanina da ke tsaye a filin jirage ya ce, "Yaya, ɗago kanka ka gani, ga shi can yana juyi a sama." Ya faɗo a kan matatarmu, kuma aikin dare uku ya tafi, domin wannan gwajin a duniyarmu ta gaske na yi shi. 'Yan wasan suna kiran irin wannan haukan ƙarfe da suna Clang, daga ƙarar da ƙarfe yake yi idan ya bugi ɗan'uwansa. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan wasan, kuma gaskiya ne lissafinsa yakan rikice wani lokaci, amma a abin da na gani, mafi yawan lokuta maginin ne ya haɗa jiki biyu a wurin da ba zai ɗauke su ba.

Saboda haka ka gina dandamali kafin katanga. Ka miƙa fistin ɗaya domin kan ya fito fili inda babu abin da ke kusa da shi, ka ɗora bulon sulke mara nauyi guda ɗaya a kan faifan. Kewayen wannan bulon kuma kada ka sa sulke. Ka nemo bulon da ake kira Blast Door, wanda aka ƙera domin manyan ƙofofi masu zamewa, ka sa masu baki a gefuna huɗu, masu kusurwa a kusurwoyi huɗu, bakinsu yana kallon waje. Amfaninsu shi ne ba su cika dukan faɗin bulo ba, suna barin 'yar tazara, kuma wannan tazarar ce take raba dandamali da katanga. Yayin da kake ɗora kowane bulo ka lura da abin da kake nunawa, domin bulo yana manne wa jikin da ka nuna ne. Idan hannunka ya kauce ka nuna katanga, zai zama na ginin, kuma shi ne zai tare hanya.

Ka bar dandamalin da sauƙi. Allon maɓallai ɗaya, fitila ɗaya, kujerar fasinja ɗaya ko biyu, sai shinge idan kana so, shi ma daga ciki ba a bakin gefe ba. Sha'awar yin ɗaki mai rufi da gilashi tana da ƙarfi, kuma za ka iya yin sa daga baya, amma duk nauyin da ka ƙara a saman jerin fistin yana ƙara masa rawa, kamar tulu a kan yaro.

Saitin fistin

Ka tsaya gaban kowane allon sarrafawa na ginin ka danna K. Abu na farko, ka canza sunaye. Na ƙasa ka kira shi Fistin Ƙasa, na bisa Fistin Sama, domin nan gaba kaɗan za ka riƙa zaɓar su daga jerin abubuwa masu yawa, kuma sunan da wasan yake ba su lamba ce kawai ta bambanta shi.

Sai gudu. Fistin yana iya kai mita 5 a daƙiƙa, amma ka sa mita 1. Idan ka riƙe Ctrl ka danna kan ma'aunin, akwati zai buɗe inda za ka rubuta lambar da kake so daidai, maimakon ja da linzami. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne gudun fistin da ke kan juna haɗuwa yake yi. Idan lifta za ta tashi daga ƙasa zuwa hawa na biyu, duka biyun suna miƙewa a lokaci guda, dandamali yana tafiyar mita 2 a daƙiƙa. Da ka ba su cikakken gudu, da mita 10 a daƙiƙa zai yi, wato kilomita 36 a awa, gudun babur a titin Sakkwato, kuma ya tsaya cak ba tare da rage gudu ba. Wanda ke tsaye a kai sama zai yi, ya dawo da rauni ko ya mutu.

Akwai kuma zaɓin da aka rubuta Share Inertia Tensor, wanda yake sa jikunan da gaɓa ta haɗa su daidaita nauyinsu a lissafin wasan, rawa ta ragu ƙwarai. Ka kunna shi a kan Fistin Sama, kada ka kunna shi a kan na ƙasa wanda ke zaune a kan ginin. Idan ba ka ga zaɓin ba, ka kunna yanayin gwaji a saitin wasan ka sake dubawa. Ma'aunan ƙarfin turi da ke kusa da shi kuwa ka ƙyale su yadda suke. Ƙara su yana sa fistin ya nace da turi ko da wani abu ya tare shi, kuma gara lifta ta tsaya ta ƙi tafiya da ta fasa abin da ke gabanta.

Yanzu ka gwada da hannu. Ka danna Reverse, wato ribas, a kan kowanne, ka tsaya daga gefe ka kalli hawa da sauka sau biyar ko shida, babu katanga babu fasinja. Sai ka ga tafiya sumul sannan ka ci gaba.

Daɓe da katanga

Ka naɗe duka biyun, ka dubi inda saman dandamali ya tsaya, ka shimfiɗa daɓen hawan ƙasa daidai da shi. Za ka lura dandamalin ya ɗan ɗara daɓen da kaɗan, saboda kowane kan fistin yana da ɗan kaurinsa wanda bai shiga lissafin bulo ba. Wannan ɗan tudun ba ya hana mutum takawa, kuma a hawan ƙasa haƙuri za ka yi da shi. Ka miƙa Fistin Ƙasa, ka ƙirga bulo huɗu daga daɓen farko ka shimfiɗa na hawa na ɗaya, sannan ka miƙa na sama ka yi na biyu. Idan kana son mota ko keken kaya ya riƙa shiga ba tare da tuntuɓe ba a hawan sama, ka rage iyakar miƙewar Fistin Ƙasa da 'yan santimita, kana gwadawa kana dubawa, har bakin biyu su yi daidai.

Bayan haka ka tayar da katangu uku, ka bar gefe na huɗu domin ƙofofi. Duk sa'ad da ka gama layi biyu ko uku na katanga, ka sake tura liftar ta wuce ta wurin, kana sauraro. Ƙarar gogayya ko tartsatsi alama ce cewa wani abu ya leƙo cikin rijiyar, kuma gano shi yanzu ya fi gano shi bayan ka rufe ko'ina. Fitilu da allunan rubutu duk a wajen rijiya za su zauna. A kowane hawa ka sa ƙofa mai zamewa a jikin ginin, ka ba ta suna, sannan a allon sarrafawa ka zaɓi ukun tare ka haɗa su rukuni ɗaya mai suna Ƙofofin Lifta.

Maɓalli da taima

Allon maɓallai yana da maɓalli huɗu, kuma kowanne umarni ɗaya tak yake ɗauka. Zuwa hawa na ɗaya kuwa yana bukatar umarni da yawa a lokaci guda, shi ya sa ake saka Timer Block, wato taima, a tsakani: maɓalli ya taɓa taima, ita kuma ta zartar da duk abin da aka jera mata, ɗaya bayan ɗaya. Taima shida za ka gina, ka ajiye su a wani ɗan ɗaki kusa da rijiya inda za ka iya kai musu hannu. Uku na tafiya ne, ka kira su Tafi Ƙasa, Tafi Ɗaya, Tafi Biyu. Uku na isowa ne, Iso Ƙasa, Iso Ɗaya, Iso Biyu, su ma ka haɗa su rukuni mai suna Taimar Isowa.

Ka fara da na isowa domin sun fi sauƙi. Kowacce aikinta ɗaya, buɗe ƙofar hawanta, kuma jinkirinta daƙiƙa 12. Ga inda awon farko ya sake yi mana rana: tunda kowane fistin mita 10 yake tafiya a gudun mita 1, kuma idan biyun za su motsa tare suke motsawa, to babu tafiyar da za ta wuce daƙiƙa 10, ko hawa ɗaya za a yi ko biyu, ko sama ko ƙasa. Jinkiri ɗaya ya ishi kowa, da rarar daƙiƙa 2 domin dandamali ya natsu.

Sai na tafiya. Ka buɗe wurin tsara ayyuka na Tafi Ɗaya, ka ja abubuwa zuwa gurabun da ke ƙasa bisa wannan tsari. Gurbi na farko, rukunin Ƙofofin Lifta da umarnin rufewa. Na biyu, rukunin Taimar Isowa da umarnin tsayawa. Na uku, Fistin Ƙasa da umarnin Extend, wato miƙe. Na huɗu, Fistin Sama da umarnin Retract, wato naɗe. Na biyar, Iso Ɗaya da umarnin fara ƙirga. A Tafi Ƙasa haka za ka maimaita, sai dai duka fistin biyun naɗewa za su yi, gurbi na biyar kuma Iso Ƙasa ne. A Tafi Biyu duka miƙewa za su yi, a rufe da Iso Biyu.

Abu biyu a wannan jerin suna bukatar bayani. Na farko, kada ka yi amfani da ribas a cikin taima. Ribas juya alkibla kawai yake yi, bai san inda lifta take ba, saboda haka wanda ya danna sau biyu zai mayar da ita inda ta fito, kuma cikin kwana ɗaya fistin biyun za su saɓa wa juna. Miƙe da naɗe kuwa ko sau goma aka danna abu ɗaya suke nufi. Na biyu shi ne gurbin da ke tsayar da taimar isowa, wanda da farko ban sa shi ba. Idan wani ya kira lifta zuwa hawa na biyu, kafin ta isa wani ya kira ta ƙasa, taimar farko tana nan tana ƙirga, kuma za ta buɗe ƙofar hawa na biyu a kan rijiya mai zurfin mita 20 babu komai a ciki. Dole kuma umarnin tsayarwar ya riga na fara ƙirga a jeri, in ba haka ba zai kashe taimar da ka tayar yanzu.

Yanzu ka koma kan dandamali. A allon maɓallansa ka ba maɓalli na farko Tafi Ƙasa, na biyu Tafi Ɗaya, na uku Tafi Biyu, dukansu da umarnin Trigger Now, wato zartar nan take ba tare da jira ba. Na huɗu ka mai da shi na gaggawa: ka haɗa fistin biyun rukuni, ka ba shi umarnin kunnawa da kashewa. A bakin kowace ƙofa daga waje ka sa wani allon, maɓalli ɗaya ya kira taimar tafiya ta wannan hawan. Idan ku biyu ko fiye kuke wasa, ku duba mallakar abubuwan nan, domin taimar da ƙaninka ya gina ba lalle ta karɓi umarni daga allon da kai ka gina ba sai an buɗe ta ga dukan ƙungiya, kuma mun ɓata dare guda muna neman wannan matsalar a wurin da ba ta nan.

Tsarin yana da aibi ɗaya da na sani: idan lifta tana hawan da kake, ka danna kira, ƙofa za ta rufe ka jira daƙiƙa 12 a banza. Maganinsa shi ne bulon da ake kira Event Controller, wanda aka ƙara wa wasan a 2023, domin yana iya lura da yawan miƙewar fistin ya buɗe ƙofa sa'ad da dandamali ya iso da gaske. Shawarata ita ce ka fara da taima har ka fahimci tafiyar umarni, sannan ka sauya.

Hawa

Kafin ka danna maɓalli ka kashe injin goyo da X, ka tsaya da ƙafafunka a tsakiyar dandamali. Mutumin da injinsa ke kunne yana shawagi ne, yana ƙoƙarin tsayawa wuri ɗaya, sai daɓe ya taso ya buge shi. Idan kuma ta intanet kuke wasa, kuma layin yana ja da baya kamar yadda yakan yi mana da yamma, to ka zauna a kujera. Kwamfutarka da ta mai masaukin wasan sukan saɓa a kan inda dandamali yake, mai tsayuwa yakan zurma ta cikin daɓe, amma mai zama a manne yake da dandamalin duk inda lissafi ya kai shi.

Za ka so ƙara hawa na uku da na huɗu. Fistin uku suna tafiya lafiya a wannan tsarin idan ka rage gudun kowanne kuma ka ƙara jinkirin isowa daidai da haka, amma daga huɗu zuwa sama rawar takan yi yawa, ramin ma ya yi zurfi. Kada ka yi ƙoƙarin gyara rawar da jera wasu fistin a gefe suna tura dandamali ɗaya, domin da zarar ɗaya ya riga ɗaya da ɗan kaɗan sai su shiga kokawa da juna. Mu da dutsenmu ya fi ƙarfin lifta ɗaya, biyu muka gina, ta farko ta tsaya a matata, a taka 'yan matakai a shiga ta biyu.

Mayar da ita duniyar fafutuka

Idan komai ya zauna, ka nuna ginin ka danna Ctrl da B domin adana zanensa, wanda za ka same shi ta F10. Sai dai majigin gini na wasan, wanda yake haska zanen domin ka bi shi da walda, babban jiki kawai yake haskawa, ba ya fitar da abin da ke bisa kan fistin, saboda haka fistin na biyu da dandamali da hannu za ka sake ɗora su. Ka tanadi farantan ƙarfe, da kayan haɗi, da manyan bututu, da moto, da kwamfutoci kafin ka sauka rami, domin hawa neman abu ɗaya da ka manta haidurojin ne. Kan fistin yana fitowa ne a matsayin ƙwarangwal, kuma yana da sauƙin mantawa tunda fistin na biyu yana rufe shi. Ka yi masa walda har ya cika kafin ka ɗora komai a kansa, idan kuma ya lalace akwai maɓallin ƙara sabon kai a allon sarrafa fistin. Ka kashe duka fistin biyun muddin kana cikin rijiya kana aiki. Saitin Fistin Sama da na allon da ke kan dandamali ba za su biyo zanen ba, gurabun taimar da suka ambaci Fistin Sama ma sai ka sake cika su, don haka ka rubuta gudu da iyaka da jinkiri da jerin gurabun nan biyar a takarda, ka ajiye ta kusa da kwamfuta kafin ka rufe duniyar gwaji.